Bayyana Dukiya Wajen Rabuwar Aure a Kalifoniya

A jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, inda ladan lauya kan cinye abin da ma'aurata ke jayayya a kansa tun ba a kai ga hukunci ba, da yawa daga cikin masu neman rabuwa kan tsaya wa kansu a gaban alƙali. Amma dokar da ta halatta musu hakan ba ta ɗauke musu farilla guda ba, wato kowannensu ya bayyana wa abokin zamansa, bisa rantsuwa, abin da ya mallaka, da bashin da ke wuyansa, da abin da ke shigo masa.

Asalin mas'alar kuwa, a wannan jiha duk abin da miji ko mata suka samu da guminsu tun daga ɗaurin aure har ranar da zama ya ƙare dukiyar tarayya ce, a raba biyu daidai, in ban da gado da kyauta da abin da mutum ya shigo auren da shi. Wannan ya saɓa wa abin da muka karanta a fiƙihu, inda dukiyar mace tata ce, ta namiji tasa ce. Saboda haka Bahaushen da neman abinci ya kai shi can, ya sani ba da mazhabar Malikiyya za a yi masa hukunci ba.

Wanda ya shigar da ƙara yana da kwana 60 daga ranar shigarwar ya isar wa ɗayan takarda mai lamba FL-142, wadda a cikinta ake jera gida da mota da asusun banki da kuɗin fansho da basussuka, da kuma FL-150, ta albashi da ɗawainiyar wata, haɗe da shaidar albashin wata biyu da takardun harajin shekara biyu. Wanda aka yi ƙara shi ma kwana 60 gare shi daga ranar da ya ba da amsa. Jerin dukiyar ba a ajiye shi a kotu, abin da ake kai mata shi ne FL-141, shaidar cewa an yi musayar. Bayanin sau biyu ake yin sa, na farko da na ƙarshe: wannan na farko ba ya faɗuwa ko da su biyun sun sasanta, na ƙarshe ne kaɗai za su iya yafewa. Kotunan gunduma suna da ofisoshin da ke nuna wa mutum kyauta yadda zai cike takardun, sai dai ba sa tsaya masa a shari'a.

Inda jarrabawar take shi ne, in babu lauya mai bincike, zuciya kan raya wa mutum cewa abin da ya ɓoye ya ɓoyu ke nan. A ƙarshen 1996 wata mata mai suna Denise Rossi ta ci cacar jiha tare da abokan aikinta, rabonta ya kama dala 1,336,000, za a biya ta cikin shekara 20. Ba a yi mako biyu ba ta nemi rabuwa da mijinta Thomas bayan zaman shekara 25, ta sa ana aika takardun kuɗin gidan mahaifiyarta, ba ta ambaci ko sisi ba a bayanin da ta rantse a kansa. Sai a 1999 wasiƙar wani kamfani mai sayen irin waɗannan kuɗaɗe ta faɗa hannun tsohon mijin, asiri ya tonu. Ta kawo uzurin cewa kyauta ce abokiyar aikinta ta yi mata, alƙalin Los Anjeles bai karɓa ba, ya hukunta cewa ha'inci ne, ya mallaka wa mijin kuɗin baki ɗaya, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2001.

Batun haramcin caca mas'ala ce dabam. Abin lura a nan, takardar FL-142 tana da gurbin da mutum zai rubuta dukiya sannan ya yi da'awar tasa ce shi kaɗai, alƙali ya duba hujja. Da matar nan ta rubuta kuɗin, ko da da'awarta ta faɗi, da rabi nata ne.