Lauyan gwamnati gaban shari'ar gurɓataccen ruwa: misalin sansanin Lejeune a Amurka

Gabatarwa

Idan ruwan da hukuma ta raba wa jama'a ya zama sanadin cuta, kuma dubban mutane suka kai ta ƙara, akwai ma'aikacin da zai tsaya gaban alƙali da sunanta, wato lauyan gwamnati. A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba aikinsa, muna dogara da misali guda, na sansanin Lejeune na sojojin kundumbala na ruwa da ke jihar Karolina ta Arewa. Muna son nunawa cewa a irin wannan shari'a gardama ba ta daɗewa a kan ko ruwan ya gurɓace. Inda take yada zango shi ne a kan dangantakar ruwan da cutar kowane mai ƙara.

1. Abin da ya faru

Daga 1953 zuwa 1987, sojoji da iyalansu da ma'aikata farar hula sun sha ruwan famfo mai ɗauke da sinadarai masu guba, sun yi wanka da girki da shi. Manya daga cikinsu su ne TCE, wanda ake wanke maiƙon ƙarafa da shi, da PCE na wankin tufafi, da benzen da ya yoyo daga rumbunan mai. A watan Mayu na 1982 an auna mikrogram 1400 na TCE a lita guda a matatar Hadnot Point, alhali iyakar da doka ta ƙayyade daga baya mikrogram 5 ce. An rufe rijiyoyin da suka fi gurɓata tsakanin ƙarshen 1984 da farkon 1985. An ƙiyasta cewa waɗanda abin ya shafa za su iya kai miliyan guda.

2. Garkuwar farko da yadda ta faɗi

A zagaye na farko lauyoyin gwamnati ba su buƙaci tattauna batun cuta ba sam, domin doka ta ba su garkuwa. Ta farko ita ce hukuncin Feres na Kotun Ƙoli a 1950, wanda ya hana soja neman diyya daga gwamnati kan lahanin da ya same shi a bakin aiki. Ta biyu ita ce dokar jihar da ta rufe ƙofar ƙara shekara 10 bayan aukuwar laifin, ko da cutar ba ta bayyana ba tukuna. Kuma sankara, kamar yadda aka sani, tana iya ɓoyewa fiye da haka. A 2016 wata kotun tarayya a jihar Jojiya ta kori ƙararrakin.

Majalisa ce ta sake lale. Dokar da shugaba Joe Biden ya sa wa hannu ran 10 ga Agusta 2022 ta kau da waɗannan garkuwoyi ga duk wanda ya yi aƙalla kwana 30 a sansanin cikin shekarun da muka ambata. Ta tanadi a fara kai buƙata ga ma'aikatar sojan ruwa. In ta ƙi, ko ta yi shiru wata shida, sai a tafi kotun tarayya ta gabashin Karolina ta Arewa, ita kaɗai. Kafin wa'adi ya cika ran 10 ga Agusta 2024, buƙatun sun haura dubu 400.

3. Inda aikin yake: alaƙar sanadi

Tun da garkuwa ta faɗi, lauyoyin ma'aikatar shari'a sun koma kan abin da ake kira lien de causalité da Faransanci, mu kuwa za mu ce alaƙar sanadi. Tambayoyi uku ne, kowace na bin ƴar'uwarta.

Ta farko: wane sinadari ne ke cikin ruwan, nawa ne, a wace unguwa, a wane wata? Abin lura a nan shi ne, sai farkon shekarun 1980 aka fara samun awo. Na shekarun baya, hukumar tarayya mai nazarin guba, ATSDR, ta sake gina shi ne da lissafi, daga tarihin rijiyoyi da tafiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Lauyoyin gwamnati sun ƙalubalanci amfani da wannan lissafi wajen auna abin da mutum guda ya sha.

Ta biyu: shin sinadarin na iya haddasa irin wannan cuta ga ɗan Adam? Ta uku kuma, wadda ta fi wuya: shin shi ne ya haddasa ta ga wannan mutum? Alal misali, tsohon sojan da ke fama da sankarar mafitsara zai ce ruwa ne. Lauyan gwamnati zai ɗauko takardunsa na asibiti ya tambayi shekara nawa ya yi yana shan taba, domin taba ma tana haddasa wannan cuta. Sai dai dokar 2022 ta rage wa mai ƙara nauyi: ya isa ya nuna cewa yiwuwar ruwan ne sanadi ta yi kunnen doki da rashin yiwuwarsa.

Da yake babu kotun da za ta saurari dubban mutane ɗaya bayan ɗaya, an ware masu ƙara 25 domin shari'o'in gwaji a kan cututtuka biyar: sankarar mafitsara, ta ƙoda, ta jini, wani nau'in sankarar kaluluwa, da cutar Parkinson. A watan Fabrairu na 2024 alƙalan suka amince da matsayin gwamnati cewa su kaɗai za su yanke hukunci, ba tare da masu taya alƙali daga cikin jama'a ba.

4. Baitulmali da lokaci

Lauyan gwamnati bai kamata a ɗauke shi abokin gaban marasa lafiya ba. Kuɗin da za a biya na baitulmali ne, kuma cikin buƙatu dubu ɗaruruwa akwai masu maimaici da marasa takardun shaida. Dole wani ya tace. Shi ne kuma ke tsara sulhu: a watan Satumba na 2023 an fito da jadawalin diyya daga dala dubu 100 zuwa dubu 550, gwargwadon irin cutar, da tsawon zama a sansanin, da ko mutumin ya rasu.

Amma tacewa na cin lokaci, kuma lokacin ba daidai yake ga ɓangarorin biyu ba. Gwamnati ba ta tsufa. Wanda ya sha ruwan yana saurayi a 1960 kuwa ya haura tamanin. Har ƙarshen 2024 ba a fara sauraron ko ɗaya daga shari'o'in gwajin ba. Ke nan kowace buƙatar ɗage zama, ko da halal ce a doka, tana da wanda ke biyan farashinta.

Kammalawa

Wannan batu ba baƙo ba ne gare mu. A Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan famfo mai yawan sinadarin fulor ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara tun daga tsakiyar shekarun 1980, har ƙungiyar FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Darasin da muke ɗauka daga Lejeune shi ne, awon da ba a yi ba a lokacinsa yana komawa gardamar masana bayan shekara arba'in. Saboda haka muna ganin ya kamata ɗalibanmu na fannin shari'a su san karatun takardar awon ruwa kamar yadda suka san karatun ayar doka, ko wane gefe za su tsaya wa gobe.