Harafi ɗaya ya mayar da ni Garwa daga Yawunde

Shekarata talatin ina fataucin atamfa tsakanin Garwa da Yola, amma ban san nauyin hatimi ba sai da babban ɗana ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Najeriya. Suka ce ya kawo takardar haihuwa da ta bakaloriya, tabbatattu, da fassararsu cikin Turanci. Na ce ai wannan aikin yini ɗaya ne. Ashe na yi wa kaina ƙarya.

Ga yadda abin yake, 'yan uwa. Akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg a 1961, wadda ƙasashen da suka shiga suke karɓar hatimi guda, apostil, a wuce wurin. Kamaru ba ta ciki. Don haka takardarmu sai ta hau tsani mataki-mataki: a yi kwafi a meri, a manna tambur, hukuma ta sa hannu cewa ya yi daidai da na asali, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje a Yawunde ta tabbatar da wannan sa hannun, daga nan ofishin jakadancin ƙasar da za a je ya buga nasa. Kowane hatimi shaidar na ƙasa da shi yake yi, shi ya sa ba a tsallake ko ɗaya.

Na hau mota zuwa Ngaundare, na kwana cikin jirgin ƙasa, gari ya waye ina Yawunde. Ma'aikacin da ya karɓi takardun ya jera su, ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, waɗannan na mutum biyu ne." A takardar haihuwa an rubuta Mahamadou, a ta makaranta Mohamadou. Mu a gida Muhammadu ne, kuma shekara goma sha tara babu wanda ya lura. Ni da kaina na karɓo takardar nan yana jinjiri, na cusa ta a ƙasan akwatin uwarsa ban karanta ba.

Na roƙa, ya ce ba shi da iko, kuma gaskiyarsa ce. Wani ɗan kamasho a bakin ƙofa ya ce in ba shi jika hamsin ya gama min kafin la'asar. Raina ya so, sai na tuna in aka gano hatimin jabu ne, yaron za a kora, ba shi ba.

Haka na koma Garwa, na nemi takardar da ake kira satifika dandibiduwalite, mai shaida cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, na sake bin hanyar nan ta kwana biyu. Kuɗin mota da masauki sun ninka na tambur sau da yawa, rumfata kuma ta yi mako uku a hannun yaron shago. Saura kwana huɗu a rufe rajista muka miƙa takardun.

Da na dawo na sa Hajiya ta zazzage akwatin, muka baje takardun sauran yaran shida a tabarma, muna bin su harafi-harafi. Mun samu biyu masu irin wannan ciwo, ɗaya ma har ranar haihuwa ta sha bamban. Tata ce nake bi a kotu yanzu, tun tana aji huɗu na firamare.