Labarin Masu Gudun Asabar a Bakin Teku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Bayan haka, a birnin Durban na Afirka ta Kudu, inda babbar tashar jiragen ruwan ƙasar take, akwai wata al'ada da ta cancanci malamai da attajirai su ji labarinta. Kowace Asabar da safe jama'a kan taru a bakin teku, arewa da tashar, su yi gudun kilomita 5, wato mil 3 da 'yan kai. Ba a biyan ko anini. Mai ƙarfi ya sheƙa, dattijo ya taka a hankali, kuma akan sa mutum guda ya bi bayan ayari don kada a bar kowa shi kaɗai.

Sunan wannan taro parkrun. Wani mutum, Paul Sinton-Hewitt, shi ya fara shi a Landan cikin 2004 da masu gudu 13. Cikin 2011 abin ya iso Afirka ta Kudu. Abin da ya raya shi biyu ne, rana tsayayya da abokan tafiya, gama wanda ake jira ba ya kwanciya.

A da, Bahaushe bai bukaci irin wannan ba. Fataken Kano da ƙafa suke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, jagaba na gaba, madugu na lura da ayari. Mutumin Kunci ma da ƙafa yake cin kasuwa ya komo. Yau kuwa ɗan kasuwa kan wuni zaune a Kantin Kwari, malami kan wuni bisa buzu, ko masallaci sai a kan babur. Ga hawan jini da ciwon sukari suna kwantar da magidanta, kanti ya rufe, karatu ya tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako.

Kada mai rawani ya ce wannan zubar da girma ne. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, yakan ziyarci masallacin Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci bisa abin hawa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito tserensa da Nana A'isha. Sharaɗi dai a suturta jiki, maza daban, mata daban.

Kunci ba ta da teku, amma tana da burtali da hanyar gona. In liman da 'yan sahunsa suka tsai da rana guda, suka zaga gari bayan sallar Asuba, sun sami lafiya, sun gaisa, sun kuma san wanda bai fito ba don a je a duba shi. Allah Ya ba da lafiya mai amfani, amin. Tamat.