Yadda Na Ga An Fid da Faranti Daga Cikin Maɗobiya

 Yau zan fara da tona wa kaina asiri. A ɗakin kakata akwai wani baƙin akushi wanda ita ma gadonsa ta yi daga uwarta. Shekarar da na gama kwalejin horon malamai sai ta ba ni shi. Ran nan na ci tuwo a ciki, na cika shi da ruwa na bar shi ya kwana, da safe na kife shi a rana na tafi makaranta. Lokacin hunturu ne. Da na komo da azahar sai na tarar ya tsage tun daga baki har gindi. Abin da ya wuce ta hannun mata biyu lafiya lau, a hannuna bai yi wata uku ba. Da na kai wa kakata, ba ta yi mini faɗa ba, sai ta ce, "Wannan kuma ba a koya muku a kwalejin ba?"

Maganar nan ta zauna mini. Shi ya sa na tafi kasuwar 'yan katako in nemi wanda zai gyara shi. Aka nuna mini wani dattijo mai injin juyi, irin wanda ake fid da ƙafafun gado da na kujera da shi. Ya duba akushin, ya girgiza kai ya ce, "'Yata, wannan sai dai ajiya. Amma zauna ki ga yadda ake yin sabo, kin fi sanin yadda za ki riƙe shi."

Kun san masassaƙanmu da gizago suke aiki, itace yana zaune, hannu yana yawo a kansa. Injin juyi kuwa akasin haka ne. Itacen ne ke juyawa kamar mazari, shi mai aiki yana riƙe da cizal a kan wani ƙarfe da aka gitta a gabansa, yana matsawa kaɗan kaɗan. Dabarar ba sabuwa ba ce. A Masar akwai zanenta a bangon wani kabari da ya shekara fiye da 2,000, mutum ɗaya yana jan igiya, ɗaya yana sassaƙa. A kasuwar Marrakush ta Maroko kuma an san masu juya itace da baka, suna taimakon cizal da yatsun ƙafa. Na dattijon nan dai lantarki ke juya shi.

ITACEN DA YA ZAƁA

Ya jawo wani katako daga ƙarƙashin rumfa, faɗinsa ya ɗara ƙafa guda, kaurinsa inci 2. Ya ce maɗobiya ce da iska ta kayar a gonar wani. Wataƙila kun san ta: ita ce ke yin fure rawaya da rani bayan ta zubar da ganye, in an sare ta sai jan ruwa ya fito kamar jini, makiyaya kuma suna sassabe ganyenta domin dabbobi. A ido katakon nan ba shi da wani kyau. Sai ya shafa masa ruwa da tafin hannu, nan da nan wasu layuka masu duhu suka bayyana, suna lanƙwasa kamar igiyar ruwa.

Na ce, "Baba, me ke kawo wannan zane?"

Ya ce a duba inda aka yanko shi. Itace yana da zare a cikinsa kamar rake. Inda gangar jikinsa ta miƙe, zaren ma a miƙe yake. Amma a mararrabar manyan rassa, ko kusa da saiwa, ko inda itacen ya yi ƙulli, sai zaren ya murɗe ya cuɗe da juna. In an goge irin wurin nan, haske yakan faɗa a kan kowane lanƙwasa dabam, ki karkata shi zanen ya motsa. Ku tuna da shadda: launinta ɗaya ne, amma saboda yadda aka saƙa zaren sai furanni su fito in haske ya buge ta. To, haka nan ne.

Abu na biyu shi ne bushewa, a nan kuwa na gane laifina. Ɗanyen itace cike yake da ruwa. Sa'ad da ruwan ke fita, itacen yana tsukewa ta faɗinsa, amma ta tsawonsa kusan ba ya raguwa. In waje ya bushe da sauri alhali ciki yana jiƙe, tilas ya tsage. Ƙa'idar masu aikin katako ita ce shekara guda ga kowane inci na kauri, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Watau wannan katako shekara biyu ya yi yana jira. Dattijon ya shafe bakinsa biyu da kaki domin kada su riga tsakiya bushewa, ya kuma guje wa ainihin cibiyar itacen, don daga nan tsaga ta fi farawa. Ashe abin da na yi wa akushin kakata shi ne na shayar da shi ruwa har ya kumbura, sa'an nan na miƙa shi ga rana da iskar hunturu.

A KAN INJIN

Da fari ya zana da'ira mai faɗin inci 12, ya yanke kusurwoyi da zarto. Ya ɗaure katakon a jikin wani faifan ƙarfe da kusoshi masu murɗi, ta fuskar da za ta zama cikin faranti, domin ramukan kusoshin su tafi tare da abin da za a rarake. Kafin ya kunna, sai da ya juya shi da hannu ya tabbata ba ya taɓa kome. Ya sa gilashin kare fuska, ya ce in ja da baya, in kuma tattara mayafina in soke shi sosai. 'Yan'uwa, wannan ba wasa ba ne: injin da ke juyawa in ya kama bakin mayafi ko hannun riga ba ya saki.

Ya fara a hankali, don katakon bai daidaita ba tukuna, injin har yana rawa. Da ya zama kewayayye sai ya ƙara gudu zuwa kamar juyi 600 a minti. Ga lissafi ga 'yan makaranta: kewayen faranti mai faɗin inci 12 ya kusa inci 38. Ku ninka da 600, ku mai da shi mil a awa, za ku ga bakin farantin yana gudun fiye da mil 20 a awa. Shi ya sa babban faranti ake juya shi a hankali fiye da ƙarami.

Bayan farantin ya fara gyarawa. Ya fid da gindin da zai zauna a kai, ya ɗan rarake tsakiyarsa domin kada ya yi ta rangaji a kan tabarma. Sa'an nan ya kwance, ya juya shi, ya kama gindin da wani maƙoshin ƙarfe, ya shiga cikin. Ya gama baki tukuna kafin ya nufi tsakiya, domin naman da ke tsakiya shi ke riƙe bakin kada ya yi karkarwa. Sassaƙe yana ta tashi kamar taliya, wurin ya game da ƙamshi.

Na lura kowane ɗan lokaci sai ya tsaya ya wasa cizal. Ya ce itace mai zane ya fi kowane wuyar sha'ani. Da yake zarensa ba hanya ɗaya ya bi ba, cizal marar kaifi fizge shi yake yi, ya bar ƙananan ramuka. Maganinsa kaifi da ɗauka kaɗan kaɗan. Ya ce wanda ya yi gaggawa a minti biyar na ƙarshe ya yi asarar jiran shekara biyu.

Daga nan sai gugar samfefa, daga mai kaushi lamba 80 har zuwa mai laushi lamba 320, ba ya tsallake ko ɗaya, hancinsa a rufe saboda ƙura. A ƙarshe ya shafa mai da kakin zuma. Wallahi sai da na riƙe baki. Katakon da na raina ya koma ruwan zuma da ja, zanen nan yana walƙiya. Aikin duka bai kai awa uku ba.

ABIN DA YA SA YA YI TSADA

Da ya faɗi kuɗinsa na ce ya yi yawa. Ya ce irin itacen nan nema yake ya gagara. Gaskiyarsa ne. An yi shekaru ana sare maɗobiya a Afirka ta Yamma, har da dazuzzukan Taraba, ana loda ta zuwa ƙasar Sin inda ake yin kujeru masu tsada da ita. A 2016, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Afirka ta Kudu, aka sa ta cikin itatuwan da ba a fitar da su ƙasashen waje sai da izini. A 2018 aka nemi ƙasashe su dakatar da sayenta daga Nijeriya. A 2022 kuma, a taron Panama, aka ƙara da maɗaci da kawo. Itacen da zai ba da katako mai faɗin ƙafa guda ya girme ni da ku. Saboda haka wadda ta mallaki akushi ko faranti na kirki, amana ce a hannunta.

GA YADDA ZA KU RIƘE SHI

Kada ku jiƙa shi ya kwana. Ku wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ku goge nan take, ku jingine shi a tsaye a inuwa domin fuska biyu su bushe tare. Kada ya ga rana, kada ya kusanci murhu.

In ya fara yin fari fari, ƙishi yake ji. Ku shafa masa farin man nan da ake sayarwa a kantin magani, wanda ake kira likwid farafin, ku bar shi ya sha, ku goge, da hunturu kamar sau ɗaya a wata. Ku lura fa, ba kananzir nake nufi ba. Man gyaɗa kuwa in ya daɗe a jikin itace yakan canja wari.

Faranti irin wannan na busasshen abu ne: dabino, goro, alkaki, cincin. Kada a yanka ɗanyen nama a kansa. In za ku saya, ku tambayi mai shi abin da ya shafa, don wanda aka yi wa fentin kujera ba na abinci ba ne. Ku kifa shi a kan tebur ku ga ko bakinsa ya zauna daidai, ku ɗaga shi ga haske ku nemi tsaga.

Ku kuma ƙannena, na tambayi dattijon ko mace za ta iya wannan aiki. Ya ce injin ke da ƙarfi, abin da ake bukata ga mutum ido ne da natsuwa. Wadda makarantarsu ke da ɗakin koyon sana'a, kada ta ji kunyar leƙawa.

Na sayi farantin na kai wa kakata cike da dabino. Ta juya shi, ta shafa, ta miƙo mini ta ce in ajiye wa 'yata, in kuma koya mata abin da ba a koya mini ba. Tsagaggen akushin yana nan a kan kabad ɗina, ina zuba allura da zare a ciki. Wadda ke da wata dabara ta adana akushi da ta gada daga iyayenta, ta rubuto mana mu ƙaru. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.