Ruwan Rijiya a Ƙasar Masara

A Funtua da Malumfashi, a jihar Katsina, ruwan famfo ya daɗe da kasa wadatar da jama'a. Dam ɗin Mairuwa da na Gwaigwaye da na Malumfashi suna nan, amma sababbin unguwanni sun wuce inda bututu ya tsaya. Mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya koma rijiya ko ya jira ɗan garuwa. Wahalar nema ta ragu, sai dai yawancin ruwan da ake sha yanzu ba mai auna shi.

Ma'auni kuwa akwai. Tun 1958 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin ruwan sha, Najeriya ta yi nata a 2007 ta hannun hukumar SON. Kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 50 a lita.

Naitiret ɗin ne ya fi damuna, domin nan ƙasar masara ce, masara kuwa sai da kamfa da yuriya. Takin da shuka ba ta sha ba, ruwan damina ke nutsewa da shi zuwa rijiyoyi marasa zurfi. A cikin gari kuma masai ne ke wannan ɓarnar: gida ya matse, tsakanin masai da rijiya taku goma, alhali masana na son mita 30. Za a ja guga a ga ruwa garau, ba wari ba launi. Uwa ta tafasa shi don jaririnta, ta kuwa yi daidai, ƙwayoyin cuta sun mutu. Amma tafasawa ba ta cire naitiret, ƙara masa yawa ma take yi, kuma jarirai ne yake hana jininsu ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi.

Kwalarar 2021, wadda ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, Katsina na cikin jihohin da ta fi shafa, ta nuna ɗaya ɓangaren matsalar, wato ƙwayoyin cuta. Ko ruwan burtsatse mai kyau yakan gurɓata a jarkar da ta yi gansakuka, ko a randar da kowa ke tsoma moɗa.

Ruwan leda yana da lambar NAFDAC, rijiyar gida ba ta da komai. A ganina hukumar ruwa ta jiha da ta ruwan karkara, RUWASSA, su riƙa gwada rijiyoyin unguwanni a watan Agusta, bayan an zuba taki na biyu, a kafa sakamakon a ƙofar mai unguwa.