Mai Raunin Zuciya Ba Ya Wasa Da Mura

Jama'a, a zangunanmu na Kumasi da Nima mun saba ɗaukar rigakafi a matsayin abin jarirai. Tun 2012 Ghana ta sa allurar nimoniya cikin rigakafin yara, amma dattijon da ƙafafunsa ke kumbura, yana haki in ya taka zuwa masallaci, ba mai tuna shi.

Raunin zuciya shi ne zuciya ta kasa tura jini yadda jiki ke bukata, ruwa ya riƙa taruwa a huhu da ƙafafu. Wani bincike na 2012 a asibitocin ƙasashen Afirka 9 ya nuna hawan jini ne babban sanadinsa, kuma matsakaicin shekarun majiyyatan 52 ne kacal. Magidanta ke nan masu ciyar da iyali.

Idan mura mai zafi, wadda likitoci ke kira infuluwenza, ko nimoniya ta kama irin wannan mutum, zazzaɓi zai tilasta wa zuciya ƙara gudu, huhu kuma ya kasa ba jini isasshiyar iska. Abin da mai lafiya zai warke a mako guda, shi sai ya kai shi gadon asibiti, wani ma ba ya fitowa.

A 2022 aka bayyana sakamakon gwaji kan masu raunin zuciya 5,129 a ƙasashe 10, ciki har da Nijeriya da Kenya da Saudiyya. Waɗanda aka yi wa allurar infuluwenza, nimoniya ta ragu musu da kashi 42 cikin 100, kwanciya asibiti da kashi 16. Mace-mace ba su ragu sosai ba a jimlar shekara, amma sun ragu a lokutan da cutar ke yaɗuwa.

To, shawararmu ita ce duk mai wannan larura ya tambayi likitansa allurar infuluwenza, wadda ake sabuntawa kowace shekara, da ta nimoniya. Maniyyata aikin Hajji su ƙara kula saboda cunkoso. Allura ba ta maye gurbin maganin zuciya, kada a daina sha. A guji sayen ibuprofen a kyamis, domin yana tara ruwa a jiki. In haki ya ƙaru ko kwanciya ta gagara, a tafi asibiti ranar nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.