Ilimin halayyar ɗan Adam da binciken laifuka a Jigawa

Idan aka kama mutum a Dutse ko Kiyawa ko Jahun bisa zargin fashi ko fyaɗe, shari'arsa kan rataya ne a kan takarda guda: jawabin da ya yi a ofishin 'yan sanda.

Sai dai masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa amsa laifi ba kullum ke nufin aikata shi ba. Tsoro da yunwa da rashin barci kan sa mutum ya amsa abin da bai yi ba, musamman yaro ko mai raunin hankali.

A Ingila, a 1989 aka saki mutane huɗu da aka ɗaure kan harin bam na Guildford bayan sun shafe kusan shekaru 15 a kurkuku, saboda an gano jawaban nasu ba abin dogaro ba ne. Daga 1992 'yan sandan ƙasar suka koma ga salon tambayoyi na neman bayani maimakon matsa wa mutum ya amsa laifi.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 34 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya haramta azabtarwa, yayin da dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekaru 25 ga mai aikata ta.

Dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar jawabin da aka samu ta hanyar tursasawa. Ita kuwa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi naɗar jawabi a bidiyo da halartar lauya, kuma Jigawa ta kafa irin tata a 2019.

Wannan na nufin tilasta wa wanda ake zargi na iya rusa ƙarar gaba ɗaya, mai laifi ya kuɓuta, wanda aka zalunta ya tashi a tutar babu.

Inda masana ke shigowa

Aikin masanin shi ne koya wa mai bincike barin shaida ya ba da labari da bakinsa, ba tare da an cusa masa amsa ba. Hakan ya fi muhimmanci ga yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wadda yawan maimaita tambaya kan rikita mata tunani.

Haka kuma sashe na 51 na kundin Final Kod ya ɗauke laifi daga wanda taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi. Tantance hakan na buƙatar rahoton ƙwararru, irin na asibitin masu taɓin hankali da ke Kazaure, kafin alƙali ya yanke hukunci.